Gammon Kwaɓi a Kwankwasona

Ni mai makala ce, wato fanke irin na nan Yawunde. Shekara talatin da ɗoriya ina suya a ƙofar gidan mijina a unguwar Briqueterie, wadda muke kira Birik, kuma idan maganar kwaɓi ake yi, ban san matar da zan sunkuyar wa kai ba a duk faɗin Birik. Da hannu nake gane fulawar da ta daɗe a sito, da hanci nake gane yis ɗin da ya mutu. Wannan ita ce sana'ar da kowa ya san ni da ita. Akwai kuma aiki na biyu wanda ba a kiran sunansa da ƙarfi: ina cikin matan da ke wankan gawa a unguwa. Goggo ce ta koya mini, yayar babana, wadda ta wanke kusan duk macen da ta rasu a layukanmu tun ina yarinya.

Duka ayyukan biyu a duƙe ake yin su. Suya a kan kujera 'yar tsugunne ce, kasko a ƙasa, robar kwaɓi a dama, kwandon tsamewa a hagu, in yi ta juyawa tsakaninsu daga bayan sallar asuba har hantsi. Wanka kuwa a durƙushe ne, a miƙa hannu a ɗaga, a juya, a tallafe kai, kuma ba a gaggawa. Duk shekarun nan ban taɓa tambayar bayana ko ya gaji ba.

Da sanyin safiyar damina ciwon ya fara. Idan ruwa ya kwana yana zuba a Yawunde, sai in tashi in ji kwankwasona ya sandare kamar an ɗaura mini katako a cikin zane. Tashi daga kujera ya koma hawa uku: hannu a gwiwa, hannu a bango, sannan in miƙe a hankali ina kallon sama, wai ina duba hadari. Ban ruɗi kowa ba. Wani direban taksi da ke karya kumallo a wurina kullum ya ce, "Hajja, sai mun kai ki garaji, amortisa ta mutu," wato ƙarfen da ke tare wa mota gargada. Na ce masa ya fara kai motarsa, wadda ake jin kukanta tun daga Nkomkana. Na shafa man zafi, na sha jiƙon sassaƙe iri-iri da masu magani ke kawowa daga arewa, an yi mini ƙaho har sau biyu. Kowanne sai ya ba ni sauƙin kwana biyu, ya dawo ya karɓe abinsa.

Ranar da abin ya fito fili, wata maƙwabciyarmu ce ta rasu, Allah ya jiƙanta. Mu uku ne a ɗakin. Ni ina wankewa, wata tana zuba mini ruwa, Goggo tana zaune a bakin ƙofa tana duba mu, don a lokacin ƙafafunta sun fara kumbura, ta daina durƙuso. Na gama ɓangaren dama, na sunkuya zan juya mamaciyar, sai na ji wani abu ya ƙulle a ƙasan bayana. Na kasa miƙewa, na kasa ƙarasa sunkuyawa. Ga baiwar Allah a karkace a hannuna, ga gumi yana zubo mini. Mai zuba ruwa ce ta ajiye buta ta karɓe ta. Ni kuwa da rarrafe na ja jiki na jingina da bango, ina kallo wata tana ƙarasa aikin da na fara, maza suna waje suna jira. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Goggo ba ta ce uffan ba a ɗakin, don ba a magana a kan gawa sai ta dole. Sai da aka fita da makara ta sa aka riƙe ni har ɗakinta, a tsohon gidanmu da ke can gangare. Ta jira mata suka watse.

"Ke," ta ce, "kin tuna abin da kika ɗaukar mini?"

Na tuna. Ranar da ta fara bari na yi wanka ba tare da ta sa hannu ba, ta ce ladan koyarwarta ɗaya ne: idan ta mutu ni zan wanke ta, a ɗakinta, a ƙasa, yadda ta wanke uwata. Na ce na ɗauka. A lokacin ina cicciɓar buhun fulawa ni kaɗai, alkawarin bai yi mini nauyi ba ko kaɗan.

"Na tuna, Goggo."

"To, ni ba ni da sauran zama mai yawa. Dokta ya gaya wa ƙaninki da faransanci, yana zaton ba na ji. Zuciyar ce ta gaji. Ke kuma ga ki nan kina rarrafe. Wa zai wanke ni?"

"Akwai mata, Goggo."

"Akwai mata mana. Akwai wadda za ta fito ta ba da labarin haƙarƙarina a gidan suna. Ke na koya wa riƙe baki."

Goggo ba ta tsoron mutuwa, sun daɗe suna gaisawa. Abu biyu take tsoro. Na farko a kai ta asibiti ta cika a can, a tura ta morg, inda maƙwabtanmu da ba musulmi ba suke ajiye nasu har dangi su taru. Na biyu hannun da bai san ta ba. Maigidana, da ya ji labarin, ya kawo shawara mai kyau a ganinsa: a sa kafinta ya yi tebur mai tsayi, idan ranar ta zo in yi wankan a tsaye. Na kai mata shawarar. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Tebur? Ni kifi ce a kasuwar Mokolo?"

Maganar tebur ta mutu a nan. Ya rage ni da bayana, kuma abin da ake bukata a fili yake: in iya durƙusawa na kusan awa guda, in ɗaga mutum, in juya shi dama da hagu, in tashi da ƙafata.

Na je asibiti, don ba ni cikin masu gudun likita. Aka ɗauki hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo. Likitan ya ɗaga shi a gaban fitila ya nuna mini inda ƙasusuwan ƙasan baya suka goge, ya ce ba na tiyata ba ne, shekaru ne da aiki. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce in daina duƙawa. Na tambaye shi ko ya san shagon da ake sayar da sabon baya a Mokolo. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ƙwayoyin sun rage zogi, amma suka riƙa ƙona mini ciki, sandarewar safiya kuwa tana nan inda take.

Akwai wata dattijuwa Ba'indiya da ke zuwa Birik duk Asabar sayen riɗi da citta da kurkum a shagon da ke jikin rumfata. Mijinta yana da kantin yadi a cikin gari, suna zaune wajen Cité Verte, kuma sun daɗe a ƙasar nan har faransancinta ya fi nawa na firamare. Madam kowa ke ce mata. Takan sayi makala biyu ta ci a tsaye, tana gaya mini likita ya hana ta. Wata Asabar ta tsaya tana kallona ina tashin nan nawa mai hawa uku. Ta dafa ƙasan bayanta.

"Nan ne?" ta ce.

Na ce nan ne. Ta tambaya ko na ga likita, ko ƙafata tana mutuwa, ko ina zazzaɓi. Na gaya mata abin da radiyo ta nuna. Sai ta ce a maganin gargajiyarsu, wanda suke kira Ayurbeda, irin wannan ciwon ana ɗaukarsa sanyi ne da bushewa suka shiga gaɓoɓi, abin da ke sassauta shi kuwa ɗumi ne da mai. Uwarta tana yi wa babanta tun tana ƙarama. Mutum zai kwanta rub da ciki, a yi zobe na kwaɓin gari a kan inda ke ciwo, a cika cikinsa da man riɗi mai ɗumi, a bar shi ya zauna kamar rabin awa. Idan ya huce a kwashe a sake ɗumamawa. Ta zana mini zoben da hannu a iska.

Na ce, "Gammo ke nan."

Na nuna mata na wata mai talla da ke wucewa da tire a ka. Ta ce shi ne, amma na kwaɓi. Ta fara bayanin yadda ake kwaɓin, sai na ɗaga mata hannu.

"Madam, harkar mai kin sani, na yarda. Kwaɓi kuwa ki bar mini. Tun kafin ki iya gaisuwar bonju da faransanci nake kwaɓi."

Ta yi murmushi ta ɗauki ledarta ta tafi. Yanzu na san ma'anar murmushin.

Sai maganar wanda zai zuba man, tunda mutum ba ya ganin bayansa. Maigidana mutumin kirki ne, amma ko shayi ya zuba sai an goge tabarma. Da na ba Goggo labari, ta ce ba wanda zai taɓa bayan nan sai ita.

"Ba don ke zan yi ba," ta ce. "Mai wanka ta nake gyarawa."

A unguwarmu akwai matan da ba sa miƙa wa Goggo jariri. Suna girmama ta, suna durƙusa mata, suna aiko mata da abinci ranar salla, amma idan ta miƙo hannu sai su tuna inda hannun ya je. Ni ma an fara yi mini haka, na ga wadda ta fasa sayen makala a wurina ranar da ta san na fito daga gidan rasuwa. Saboda haka da na kwanta a tabarmar Goggo bayan la'asar, ta sassauta mini zane ta ɗora tafinta a kwankwasona, na san an daɗe mai rai bai ba ta jikinsa haka ba. Ita ma ta sani. Ta daɗe hannunta yana wurin kafin ta ce in miƙo kwaɓin.

Kwaɓin da na kawo na makala ne, wanda na ware daga na safe, mafi kyau, mai laushi, ya tashi ya yi ƙwai-ƙwai. Na yi nufin in nuna wa ƙasar Indiya gaba ɗaya yadda ake kwaɓi. Goggo ta murza shi ta naɗa gammo, ta ɗumama man riɗi a kofin silba cikin ruwan zafi, ta zuba. Wayyo daɗi. Ɗumin ya ratsa har inda man zafi bai taɓa kaiwa ba, na ji idona yana lumshewa. Amma kwaɓin makala ba ya jin ɗumi ya zauna lafiya. Abin da na koya masa shekara talatin shi ya yi: ya kumbura, ya saki jiki, ya baje. Na ji mai yana bin haƙarƙarina ta dama da hagu, ya shiga zane, ya sauka tabarma. Na kasa tashi da sauri, ga baya, ga santsi.

Goggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na tsorata.

"Sauran sukari kawai," ta ce tana share hawaye, "in barbaɗa miki in kai ki bakin titi."

Kwana uku ɗakin yana ƙanshin rumfata. Ranar Asabar na jira Madam ta gama makalarta ta biyu, sannan na faɗa mata gaskiya. Ba na son amsa laifi, amma idan na amsa ba na ragewa. Ta dafa tebur ta yi dariyarta son ranta, na ƙyale ta, don tana bi na bashin hakan. Da ta nutsu ta yi bayanin da na hana ta yi. Ba yis, ba sukari, ba gishiri. Fulawa da garin wake, ruwa kaɗan, a murza ya yi tauri yadda ba mai iya ci. Idan an ɗora a jiki a jiƙa yatsa a liƙe gindinsa ciki da waje. A gwada man a cikin wuyan hannu kafin a zuba, kada a ƙona fata. Idan an gama a goge da tsumma mai ɗumi, a rufe bayan, kada a sha iska, kada a yi wanka da ruwan sanyi ranar.

Sai ta sa ƙafa ta ture kujerata 'yar tsugunne.

"Wannan ce maƙiyiyarki," ta ce. "Ko tulun mai kika zuba, idan kika dawo kanta da safe kin ɓata aikin."

Kujerar uwata ce. Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna tabarmar Goggo, na rufe. Ta ce a ɗaga murhu, in zauna a kujera mai tsayi, duk kasko ɗaya da na tsame in tashi in taka. Kuma in riƙa tafiya da ƙafa kullum, ba hawa mashin. Na kai murhun wurin mai walda ya ƙara masa ƙafafu. Direban taksin nan da ya gan ni a sama ya ce Hajja ta samu ƙarin girma, an ba ta biro, wato ofis. Kujerar uwata kuwa na kai ta ɗaki, a kanta nake ajiye dadduma.

Tafiyar ba sai na nema ba. Daga gidan mijina zuwa ɗakin Goggo gangare ne mai jar laka da kwatoci, dawowa kuma hawa. Kullum bayan la'asar in sauka da kwalbar man riɗi da ƙullin gari, in dawo kafin magariba da zane biyu a ƙugu saboda iska. Mun yi kwana bakwai a jere, muka huta, muka koma yi kwana biyu ko uku a mako. Kwaɓin ma Goggo ta ƙwace. Ta ce hannuna ya saba lallashin fulawa, ba zan iya yi mata mugunta ba. Ita ke murzawa da 'yan yatsunta masu ƙashi, tana hutawa tana ci gaba, har ya yi taurin da take so. Gammonta bai sake yoyo ba ko sau ɗaya.

Ba zan ce na warke ba, don ban saba ƙarya ba. Ƙashin da ya goge ya goge, radiyo ba ta canza ba. Ban kuma san rabon kowa a cikin sauƙin ba, na mai nawa ne, na kujera nawa ne, na gangare nawa ne. Abin da na sani shi ne cikin wata na biyu katakon safiya ya fara laushi. Hawa uku ya koma biyu. Wata rana na sunkuya na ɗauki matsami da ya faɗi, sai da na miƙe na tuna ai da sai na kira wani.

Rabin awar nan da nake kwance fuskata a matashi, Goggo ba ta ɓata ta. Mutumin da aka cika wa baya da mai ba ya iya tashi ya gudu, ta gane haka tun ranar farko. A nan ta gaya mini likkafaninta yana ƙasan akwati, an yanka an ninke. Ganyen magarya yana cikin gwangwanin madara, busasshe, ta sa an kawo mata daga Garwa tun bara. Kafur yana ƙulle a bakin tsohon ɗankwali. Ta faɗi matar da take so ta zuba ruwa, da wadda ko ƙofar ɗakin ba ta yarda ta tsaya ba. Idan na ce, "Goggo, ki bar maganar nan," sai ta ce in yi shiru kada man ya motsa. Sau da yawa na jiƙa matashin nan da hawaye, tana gani, ba ta taɓa cewa ta gani ba.

Wata ranar Laraba, da na iso, na tarar ta shimfiɗa tabarma ta kwanta a kai, ta miƙe ƙafafu, ta lulluɓa da zane.

"Yau jarrabawa," ta ce. "Juya ni."

"Haba Goggo, wannan wane irin abu ne?"

"Ranar ba zan iya gyara miki ba. Juya ni."

Na durƙusa. Na yi yadda na koya a watannin nan: na matso da gwiwoyina har suka taɓa jikinta, na bar bayana a miƙe, na sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, na juyo ta da nauyin jikina maimakon in ja da baya. Ta saki jiki gaba ɗaya, don ta fi kowa sanin yadda suke yi. Na juya ta dama, na mayar, na zagaya na juya ta hagu. Ta buɗe ido ɗaya.

"Kin bar kaina ya faɗi. Sake."

Sau uku muka yi. A na ukun ba ta ce komai ba, wanda a wurin Goggo yabo ne babba. Ta sa na ci gaba da durƙuso tana jan carbi har ta ga ya isa, sannan ta ce in tashi ba tare da na dafa bango ba. Na tashi. Ba da kyau ba, amma na tashi. Ta ce to, yanzu in kwanta, mai ya huce.

Bayan wannan jikinta ya yi ta sauka. Numfashi ya riƙa yi mata wuya, ruwan alwala ma ya fi ƙarfinta, ta koma taimama tana salla a zaune. Ƙanina ya so a mayar da ita asibiti, likitan da ke duba ta ya ce babu abin da za a ƙara mata a can wanda ba a yi a gida, sai aka bar ta a ɗakinta. Na daina kawo gari, na ce bayana ya yi sauƙi. Ranar Lahadi ta aiko a ce mini idan ban zo da gari da mai ba kada in zo. Na zo da su. Ta daɗe tana murza kwaɓin, na miƙa hannu zan karɓa ta buge shi. Gammon ranar ya karkace, amma bai yi yoyo ba. Da muka gama ta jingina da bango a gajiye, na goge mata tafin hannu da tsumma sama-sama, ta ce in bar ta haka, barci take ji.

Washegari na ɗora kasko, mai bai gama zafi ba, ƙanina ya iso. Ina ganin fuskarsa na san Goggo ta cika. Na kashe wuta, na rufe kwaɓin, na sauka gangaren da ƙafa.

Komai yana inda ta ce. Na jiƙa magarya, na ware ruwan kafur na ƙarshe, na kira matar da ta zaɓa, da wata ta uku mai riƙe zane. Wadda Goggo ta hana kuwa ta zo har ƙofa, na ba ta aikin tarbar baƙi a tsakar gida. Na rufe ɗakin, na yi bismilla, na durƙusa a ƙasa. Bayana ya yi magana tun a alwala, na ji shi sarai, amma bai ƙulle ba. Na matso da gwiwoyina na juya ta dama, kanta yana cikin tafin hannuna, bai faɗi ba. Na juya ta hagu. Na tsefe mata kai na wanke, na kitsa gida uku.

Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, kuma ba zan faɗa ba. Abu ɗaya kawai zan faɗa, don ba sirrinta ba ne, nawa ne. Da na zo kan hannayenta, na tarar da busasshen kwaɓi a ƙarƙashin faratanta, na jiya, fari-fari, a duka goman. A nan ne na kusa kasawa, kuma ba bayana ba ne. Mai zuba ruwa ta tsaya da buta tana jirana. Na ce ta ba ni tsinke. Na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya na fitar da shi a hankali, har suka fita fes, sannan na ce ta zuba.

Da muka naɗe ta a likkafani, mai zuba ruwa ta miƙo mini hannu za ta ɗaga ni, don tana nan ranar da na yi rarrafe. Na ce ta bari. Na kafa ƙafar dama, na tashi, ban dafa bango ba. Na buɗe ƙofa na ce wa ƙanina ya gaya wa maza an gama, su shigo da makara.